Wane kwanbata zan sa wa a-kori-kurata?

Tambaya: Salam Malam, na sa wa Silverado ɗina babban kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji), yanzu in na taka birki a goslo sai ta dinga fizga kamar za ta mutu, bakanike ya ce in sayi kwanbata (na'urar da ke haɗa inji da giyar otomatik) mai stol 3,500. In saya?

Amsa: Wa'alaikumussalam. Ya gano ciwon amma maganin ya yi yawa gaskiya. Stol shi ne iya juyin da inji zai kai a minti ɗaya in ka danne birki da totur a giya, na kamfani yawanci bai wuce 2,000 ba. In kana lodi nemi 2,400 zuwa 2,800, don 3,500 sulɓi zai dinga yi cikin gari, man giya ya ƙone, ga shan fetur. Ka ƙara wa motar kula, wato na'urar sanyaya man giya.