Tambayoyin Masu Karatu: A Ina Zan Ji Kiɗan Rok na Gaske a Landan?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne ɗan asalin Kaduna, yau watana huɗu ke nan a birnin Landan inda nake karatun digiri na biyu. Tun ina makarantar sakandare nake sauraron kiɗan rok a waya, amma ban taɓa ganin ana kaɗa shi a gabana ba. Na tara ɗan kuɗi da niyyar sayen tikitin wani babban wasa a filin Wembley, sai wani abokin karatuna ɗan ƙasar ya ce in bar wannan tukuna, in fara da ƙananan zauruka. Abokaina na gida kuma suna cewa kiɗan Turawa ne, ba kome a cikinsa sai hayaniya. Ina neman shawararku a kan inda ya kamata in dosa, da abin da zan faɗa wa abokaina, da kuma yadda wanda ba ya shan giya zai yi da irin waɗannan wurare.

AMSA

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Abokin karatunka ya faɗa maka gaskiya, kuma da ni ne kai, da na raba kuɗin nan gida shida ko bakwai na shiga ƙananan zauruka kafin in taka Wembley. Zan zo kan dalili, amma bari in fara da abokanka na gida, domin amsar da za ka ba su ita ce za ta buɗe maka sauran maganar.

Waɗanda suka haifi wannan kiɗa baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. Daga kiɗansu na buluz da waƙoƙinsu na coci, haɗe da kiɗan karkara na fararen kudancin ƙasar, rok ya tsiro a farkon shekarun 1950. Kafin duniya ta san Elvis Presley, wata mata mai suna Sister Rosetta Tharpe ta daɗe tana kaɗa jitar lantarki a bainar jama'a, sannan Chuck Berry da Little Richard suka ɗora harsashin da kowa ya yi gini a kai. Abin da Landan ta yi shi ne ta karɓi wannan kiɗa da hannu biyu a lokacin da wariyar launin fata ta hana masu shi samun darajar da ta dace da su a gida. Muddy Waters, gwanin buluz na Chicago, ya yi rangadi a Ingila a 1958, ya bar samari da yawa cikin ɗoki, har ma ƙungiyar Rolling Stones daga wata waƙarsa ta samo sunanta. Jimi Hendrix, wanda masana da yawa ke ɗauka babu makaɗin jitar lantarki kamarsa, baƙar fata ne da bai yi suna a ƙasarsa ba sai da ya sauka Landan a watan Satumban 1966, kuma a nan ya rasu a 1970. Wanda ya ce maka kiɗan Turawa ne, ka gaya masa cewa Turawa sun yi reno, amma ba su suka yi naƙuda ba.

Maganar hayaniya kuwa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai hayaniya ce da aka ƙera da gangan. A unguwar Hanwell da ke yammacin Landan akwai wani makaɗin ganguna mai suna Jim Marshall da ke da shagon kayan kiɗa, samari masu kaɗa jita suka dame shi da kukan cewa na'urorin ƙara sauti da ake da su ba sa biya musu bukata, shi ne ya fara ƙera nasa a 1962. Idan aka murɗa irin wannan na'ura har ta wuce iyakarta, muryar jitar takan dushe ta yi kaushi, ta riƙa gurnani, kuma wannan kaushin shi makaɗan ke nema. Kunnen Bahaushe bai kamata ya yi mamakin haka ba, tun da masu garaya ma sukan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a kan sandarta domin kowane bugu ya zo da kaushin sauti. To, wannan sauti ƙaramar lasifikar waya ba ta iya ɗaukarsa. Abin da ka yi shekaru kana ji inuwar kiɗan ce kawai. Ranar da ka tsaya taku biyar daga dandamali, babbar ganga ta buga ka ji ta a ƙirjinka, jita mai kaurin murya ta bi ta tafin ƙafarka ta hau, a ranar za ka gane abin da ya sa mutane ke fita cikin sanyin hunturu su yi layi.

Tarihin rok a wannan birni kusan duka a ɗakuna masu ƙunci aka rubuta shi. Rolling Stones sun yi wasansu na farko ranar 12 ga Yulin 1962 a zauren Marquee, wanda a lokacin yake ƙarƙashin wani gidan sinima a titin Oxford, kafin ya koma titin Wardour a unguwar Soho a 1964, inda The Who da Led Zeppelin da David Bowie suka goge. Wancan zauren na Wardour an rufe shi tun 1988. Wanda ya rage daga tsararsa, kuma nake roƙonka ka fara da shi, shi ne 100 Club, mai lamba 100 a titin Oxford. Ƙofarsa ƙarama ce a tsakanin shaguna, har mutum zai iya wucewa sau goma bai lura ba, sai ka bi matakala ka sauka ƙarƙashin ƙasa ka tarar da ɗaki mai jan bango cike da hotuna, wanda bai ɗaukar fiye da mutum 350 ko kusa da haka. Tun 1942 ake kiɗa a wurin, kuma a cikinsa aka yi taron kwana biyu na Satumban 1976 wanda ya fito da salon punk, wani reshen rok mai zafi da sauri, fili, inda Sex Pistols da The Clash suka hau dandamali. Akwai ginshiƙi a gaban dandamalin da ke tare wa wasu gani, saboda haka ka isa da wuri ka zaɓi wurin tsayuwa.

Daga nan ka haura arewa zuwa Camden, inda kusan kowane lungu ke da ɗakin kiɗa, ka ga Roundhouse, wani gini mai siffar da'ira da aka yi a 1847 domin juya kawunan jiragen ƙasa, aka mai da shi gidan wasa a 1966. A kudancin kogin Thames kuma, a wani layi na bayan gari a Brixton, akwai The Windmill, wadda mutum 150 ke cika ta maƙil, amma daga cikinta ƙungiyoyi da dama na wannan zamani suka fito, irin su Black Midi. Tikitin irin waɗannan wurare sau da yawa bai wuce fam goma zuwa goma sha biyar ba, kuma da shi za ka ga ƙungiya uku a dare ɗaya.

Abin da ya sa raina ya fi kwanciya da ƙaramin ɗaki shi ne babu inda makaɗi zai ɓuya. Kana ganin yatsunsa a kan tsirkiya, kana ganin gumin mai ganguna, idan tsirkiya ta tsinke a gabanka za a sauya ta, idan an yi kuskure kowa ya ji, idan kuma abin ya haɗu, makaɗa huɗu suka zama tamkar mutum ɗaya, daɗin da ke sauka a ɗakin ba ya misaltuwa. Na taɓa tsayawa cikin mutane da ba su kai arba'in ba a daren wata Talata ana ruwa, wasu matasa da ban taɓa jin sunansu ba suka yi kiɗa kamar ransu ya dogara a kai, bayan sun sauka su da kansu suka naɗe wayoyinsu, suka tsaya a bakin ƙofa suna sayar da riguna da faifai, muka gaisa hannu da hannu. Na ga manyan taurari bayan haka, amma wancan daren ne ya fi zama mini a rai.

Ba ina kushe Wembley ba ne. A tsohon filin ne aka yi babban wasan Live Aid ranar 13 ga Yulin 1985 domin tara wa Habasha gudunmawa lokacin yunwa, mutum kusan 72,000 suka taru, kuma abin da ƙungiyar Queen ta yi cikin minti ashirin da 'yan kai a wannan rana har yau ana ba da labarinsa. Jin dubban mutane suna rera baiti ɗaya da murya ɗaya abu ne da ya cancanci mutum ya gani ko sau ɗaya. Sai dai tikitin yakan haura fam ɗari, kuma daga kujerun da ɗalibi zai iya saya, mawaƙin bai fi tsawon ɗan yatsa ba, ƙarshenta majigi za ka yi ta kallo. Ka ajiye shi sai ƙungiyar da ka fi ƙauna ta zo.

Akwai wani dalilin da ya sa nake tura ka ƙananan wurare, shi ne suna mutuwa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Wani rahoto da aka shirya wa magajin garin Landan a 2015 ya nuna cewa birnin ya rasa kashi 35 cikin ɗari na ƙananan zaurukan kiɗansa tsakanin 2007 da 2015. An rushe Astoria da ke titin Charing Cross a 2009 domin aikin sabon layin dogo. Shi kansa 100 Club ya kusa rufewa a 2010 saboda tsadar haya, sai da jama'a suka tashi tsaye, Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles, ya je ya yi wasa a cikinsa domin jawo hankali. Musabbabin ba ɓoyayye ba ne. Haya da harajin wurin sana'a suna hawa, masu gine-gine sun ga cewa gidajen kwana sun fi ɗakin kiɗa kawo riba, sannan idan aka gina sababbin gidaje kusa da tsohon zaure, sai sababbin maƙwabta su kai ƙarar hayaniya wurin hukuma, alhali sun tarar da zauren a wurin. An ɗan samu sauƙi da ƙa'idar da ta shiga tsarin gine-ginen Ingila a 2018, wadda ta ɗora nauyin toshe sauti a kan wanda ya zo daga baya, amma annobar korona da tsadar wuta sun sake kwantar da su. Ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 domin kare su, ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 a faɗin Birtaniya suka rufe ko suka daina kiɗa. Da yawa daga taurarin da ke cika Wembley a yau a irin waɗannan ɗakuna suka koyi tsayuwa gaban mutane, kuma fam goman da za ka biya a ƙofa yana cikin abin da ke riƙe da su.

Ka kuma sa ido a kan namu idan sun biyo. Alaƙar Landan da Afirka ta Yamma a wannan fanni tsohuwa ce: a can Fela Kuti ya yi karatun kiɗa daga 1958, a can 'yan Gana da 'yan Karibiyan suka kafa Osibisa a 1969, kuma Ginger Baker, makaɗin gangunan ƙungiyar Cream, ya bar Landan ya tare a Legas a farkon shekarun 1970 ya yi aiki da Fela. A yau cikin masu kaɗa jitar lantarki da duniya ke girmamawa akwai Buzaye biyu 'yan Nijar, Bombino da Mdou Moctar, kuma sukan ratsa ta Landan idan sun fito rangadi. Mdou da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Idan ka ga Turawa sun cika ɗaki suna kallon mai rawani yana sarrafa jita da hannun hagu, ka ɗauki hoto ka tura wa abokanka na Kaduna.

Batun giya ba zan ɓoye maka kome ba. Yawancin ƙananan zauruka ko dai mashaya ne ko kuma da cinikin abin sha suke biyan haya, saboda haka za ka tarar da masu sha. Babu mai tilasta maka, babu kuma mai yi maka kallon banza don ka riƙe lemo, kuma doka ta wajabta wa duk wurin da ke sayar da giya a Ingila ya ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema. Hukuncin shiga irin wurin a addini magana ce tsakaninka da malamanka, kuma idan zuciyarka ba ta natsu ba, ka tsaya ga ɗakunan wasa masu kujeru da wasannin fili da ake yi a lambuna lokacin bazara. Akan buɗe ƙofa wajen ƙarfe bakwai na yamma, a tashi kusan sha ɗaya, don haka ka tsara sallolinka tun kafin ka fito, musamman a bazara da magariba ke kaiwa ƙarfe tara.

Abu biyu nake roƙonka ka kiyaye. Ka sayi abin toshe kunne na masu zuwa wasa, domin sautin yakan wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa. Sannan kada ka yarda ka shiga matsi a bakin ƙofa. A daren 15 ga Disamban 2022 an yi turmutsutsu a ƙofar Brixton Academy, zauren da ke ɗaukar mutum kusan 5,000, lokacin wasan mawaƙin Najeriya Asake, mutum biyu suka rasa rayukansu, aka rufe wurin har Afrilun 2024. Da ka shiga kowane zaure ka fara duba ƙofofin fita, idan kuma ka ga gaban dandamali ya yamutse matasa suna bangazar juna, wanda al'ada ce a wasu salon rok, ka koma gefe ko kusa da teburin mai daidaita sauti, domin a nan ne ma kiɗan ya fi fita tas. Ka duba jadawalin 100 Club da na Windmill na wannan wata, ka zaɓi dare ɗaya a tsakiyar mako, ka gayyaci wannan abokin karatun naka ku tafi tare, in ka dawo ka rubuto mana abin da ka gani.