Murhun Turawan kuza: a gyara ko a toshe?

Tambaya: Na sayi tsohon gida a Jos, irin na zamanin Turawan kuza. A falo akwai murhun jin ɗumi na jan bulo, filastarsa ta tsattsage tana zubowa. Birkila ya ce a kankare a shafe da siminti, a bi da POP. Uwargida kuwa ta ce a toshe kawai a huta. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, kafin ka sayi buhu ko ɗaya, sa a hau rufi a leƙa bututun hayaƙin. Murhun da ya shekara da shekaru ba wuta, sau da yawa sheƙar tsuntsu da tarkace sun cika shi. A share, sannan a ƙona ɗan tsumma a ciki. In hayaƙi ya dawo falo, ko ya ɓullo ta cikin silin, bututun ya toshe ko ya fashe, kuma gyaransa ne farko. Gawayi na fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci.

Shawarar birkila kuwa, ban goyi baya ba. Jan bulon da ya tsufa yana da laushi, siminti ya fi shi tauri. Zafi na buɗa bulo, sanyi na tsuke shi, simintin ya ƙi bi, sai ya ɓamɓare da fuskar bulon. POP ma ya fi muni, zafi kaɗan ke sa shi ya yi gari. Abin da ya dace shi ne farar ƙasa ta gini, wato laim, kwano 1 da yashi mai kaifi kwano 3. A ƙwaƙule tsohon kwaɓin da ke tsakanin bulo, zurfin ya ninka faɗin layin sau biyu, a jiƙa bangon sosai, a cike, sannan a yi shafe siriri hawa biyu. Cikin ramin wutar kansa ba a yi masa filasta. Bulo da siminti masu jure wuta ake sawa.

Kunkunniya ce za ta fi ba ka wahala. Ko an yi shafe fari tas, bayan wata biyu sai ka ga tabo ruwan goro ya huda ya fito. A goge ta da buroshin waya a bushe tukuna. Maginan Ingila na da kan haɗa kashin shanu da farar ƙasa su yaɓe cikin bututu, dabarar da maginanmu na ƙasa ba za su yi mamakinta ba.

A bar aikin ya yi makonni yana bushewa, wutar farko kuma ta zama 'yar ƙarama.

In ra'ayin uwargida ya yi rinjaye, a bar 'yar kafar iska a ƙasa, a sa wa bakin bututun hula mai barin iska ta wuce. In aka liƙe shi ruf, damina ɗaya ta Jos ta isa danshi ya fito a bangon falo. Ni dai da nawa ne, gyarawa zan yi, don na san sanyin Janairu a garin nan.