Katin da za su rataya maka yana magana

Ƙanena, saƙonka ya iso. Na yi murna da jin an ba ka gurbin digiri na biyu a nan Ingila, Allah ya sa albarka. Ka ce wani abokinka ya shaida maka a nan ma'aikaci ba ya motsi sai na'ura ta rubuta, har shiga bayi ana ƙirga masa, kuma kana so ka ji ko gaskiya ne ko tsoratarwa. Ba kai kaɗai ke wannan tambaya ba, shi ya sa na ga gara in amsa maka a fili.

Abokinka ya ɗan ƙara gishiri, amma bai yi ƙarya ba.

Ka san rajistar da ake ajiyewa a bakin ofis a gida, wadda ake ja wa jan layi idan takwas ta gota, ka kuma san "don Allah sa mini hannu, ina hanya". To a nan ma rajistar tana nan, sai dai ta koma cikin katin da za su rataya maka a wuya. Da shi ƙofa ke buɗewa, kuma duk taɓawa ɗaya tana barin sunanka da minti a kwamfutar kamfani. Tun can baya fa ana yin haka, ba wanda ya damu ya duba. Bayan korona ne mutane suka saba aiki daga gida, shugabanni suka so a dawo ofis, sai aka tuna ashe ƙofa tana da lissafi. A farkon 2024 jaridu suka ruwaito cewa babban kamfanin akantoci EY yana bin bayanan ƙofar shiga don ganin wa ke zuwa. A Satumbar 2024 PwC, shi ma kamfanin akantoci, ya sanar da ma'aikatansa na Birtaniya, kimanin 26,000, cewa daga Janairun 2025 dole kowa ya yi kwana uku a mako a ofis ko wurin abokin hulɗa, kuma duk wata za a turo wa mutum lissafin inda ya yi aiki. Wasu sun wuce ƙofa ma. A 2016 ma'aikatan jaridar Telegraph sun wayi gari sun tarar da 'yan akwatuna a ƙarƙashin teburansu masu jin ɗumin jiki, don a san wa ke zaune. Da aka yi caa, ba a ɗauki lokaci ba aka cire. Bankin Barclays ya gwada wata manhaja a 2020 mai ƙirga zaman mutum a gaban kwamfuta, shi ma surutu ya sa ya janye.

Amma kai ba a waɗannan benaye za ka fara ba. Ɗalibi yakan fara ne a sito, ko kanti, ko aikin kula da tsofaffi, kuma a can sa idon ya fi tsanani. A siton da na fara aiki, na'urar da ke hannuna ita ke faɗa mini kayan da zan ɗauko, ita ke ƙirga nawa na ɗauko a awa, ita ke rubuta mintocin da na tsaya. Masu bi gida-gida suna kula da tsofaffi kuwa, da waya suke shaida shigarsu da fitarsu a kowane gida. Ba zan ɓoye maka ba, abin yana cin rai. Mutum ya taso inda kalmarsa ta isa shaida, ya zo inda sai na'ura ta gaskata shi. Watannina na farko, ko ruwa zan sha sai na ji kamar sata nake yi.

Ga abin da ya sa na zauna rubuta maka, wanda abokinka bai faɗa ba. Ɗan ƙasa idan lissafinsa ya yi ƙasa, abin da yake tsoro shi ne ƙarin girma ko alawus, iyaka ya rasa aikin ya nemi wani. Kai kuwa lissafin nan a ɗaure yake da bizarka. Bizar ɗalibi mai digiri ta ba ka awa 20 a mako lokacin karatu. Makon daga Litinin yake farawa zuwa Lahadi, kuma ba a cewa na yi 25 wannan mako zan yi 15 a na gaba. Idan wuri biyu kake aiki, haɗa su ake yi. Jami'o'i da yawa suna ɗaukar watannin rubuta kundin digiri na biyu a matsayin lokacin karatu, ba hutu ba, nan ne da yawa ke faɗawa rami da zuciya ɗaya. Duk albashin da aka biya ka yana zuwa hukumar haraji, kuma Ma'aikatar Cikin Gida tana iya dubawa ranar da ka je sabunta biza. Ita kanta jami'a dole ne a kanta ta riƙa bin halartarka, ko da kati a bakin aji ko da lambar da malami ke bayarwa, in ka ɓace kuma ta kai rahoto. Gobe idan Allah ya ba ka kamfanin da ya tsaya maka a bizar aiki, shi ma wajibi ne ya kai rahoto idan ka haura kwana 10 na aiki a jere babu izini. Aikin ya ƙare kuwa, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya tattara.

Saboda haka ina roƙonka, "sa mini hannu" ka bar ta a filin jirgi. Kada ka taɓa wa kowa kati, kada ka tura wa kowa lambar aji, ko ɗan garinku ne, ko ya haɗa ka da Allah. Mu muna ganin rufin asiri ne da zumunci, su kuwa ha'inci suke kiransa, kuma ga kyamara a saman ƙofar. Haka 'yan na'urorin nan masu girgiza linzamin kwamfuta don a zaci kana aiki. A Amurka bankin Wells Fargo ya sallami mutum fiye da goma sha biyu a 2024 a kan irin wannan dabara. Ko ba kora ma, albashi aka biya ka a kan lokacin, ka san hukuncinsa ba sai na faɗa maka ba.

Sai maganar salla, wadda ita ta fi ba ni wuya. A Manchester cikin Disamba azahar tana shiga 12 da 'yan mintoci, la'asar kafin ƙarfe 2, magariba kafin ƙarfe 4. Salloli uku kenan duk a cikin lokacin aiki, alhali hutun da doka ta wajabta minti 20 ne ga wanda zai yi sama da awa 6. Na'ura ba ta san alwala ba, giɓi kawai take gani. A wani ofis da na yi aiki na samu shugabar da muka yi magana da baki, ta amince in riƙa fita Juma'a in rama lokacin da yamma. Ta bar aiki, aka kawo wani. Ran nan ya kira ni ya shimfiɗa mini takarda: kowace Juma'a katina ya fita da rana, bai dawo ba sai bayan awa ɗaya da rabi. Na yi bayani, ya ce ina shaida? Babu. Na fi mako ina barci rabi da rabi kafin maganar ta warware, don lokacin bizata a hannunsu take. Kai kada ka yi irin nawa. Tun makon farko ka nemi izini, ba kunya ba ɓoye-ɓoye, sannan ka bi shi da imel ka ajiye amsar. Doka ba ta ce dole a ba ka lokacin salla ba, amma dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci a kan addini, kuma mai hana ka ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba yana iya shiga matsala. Yawancin waɗanda na yi aiki da su, in ka zo musu da tsarin yadda za ka rama, ba sa ƙi.

Kada kuma ka ɗauka ma'aikaci ba shi da gata. Akwai hukumar kare bayanan jama'a, ICO. A Fabrairun 2024 ta umarci kamfanin Serco Leisure mai kula da wuraren motsa jiki ya daina ɗaukar fuska da zanen yatsun ma'aikata fiye da 2,000 a wurare 38 don kawai rajistar zuwa aiki, saboda akwai hanya mafi sauƙi kamar kati. Ƙa'ida ita ce a sanar da kai abin da ake tattarawa da dalilinsa. Leƙen asiri a ɓoye sai da dalili mai ƙarfi. Kana da ikon rubuta wa kamfani ka ce a ba ka bayanan da aka ajiye a kanka, kyauta, su amsa cikin wata ɗaya. Wannan lissafin da kake tsoro, wata rana shi zai tsaya maka. Na taɓa ganin an zaftare mini awoyi a albashi, bayanan ƙofar ne suka dawo mini da kuɗina. Tun daga nan nake riƙe ɗan littafi ina rubuta shigata da fitata, kai ma ka riƙe. Idan akwai ƙungiyar ƙwadago a wurin aikinka ka shiga, kuma hukumar Acas mai sasanta ma'aikata da iyayen gidansu tana ba da shawara kyauta ta waya.

Kwamfutar ofis da wayar ofis kuwa ka ɗauke su kamar zauren gidan wani. Kada ka buɗe WhatsApp na iyali a ciki, kada ka yi hirar gida ko ta siyasa, kada ka nemi wani aikin da su.

Idan ka samu aikin farko, kafin ka sa hannu ka turo mini takardar mu karanta tare, musamman shafin da ke maganar sa ido da awoyi. Ka kuma tambayi jami'ar ranakun zangon karatunka a rubuce, don mai ɗaukar ka aiki zai nema. Ka gaida mini Hajiya, ka ce ta kwantar da hankalinta, ni zan tarbe ka a filin jirgi in Allah ya yarda.