Yadda dawakan katako ke juyawa ba lantarki

Ɗan'uwa, ka tambaya me ke juya tsohon lilon dawakan katako na Ingila. Tururi ne. A tsakiyar lilon akwai ƙaramin inji, a hura masa wutar kwal, ruwa ya tafasa, tururin ya tura ƙarafan da ke juya shi, dawakai suna sama suna ƙasa kamar masu sukuwa. Frederick Savage na garin King's Lynn ya yi suna wajen ƙera irin waɗannan injuna.

Iyalan Carter, masu kayan wasannin nishaɗi a Ingila, sun yi ta yawo gari-gari tun 1977 da lilon da aka ƙera a 1895, fentinsa duk aikin hannu. Wallahi na ji takaicin daina yawonsu a 2022. In kana son ganin irinsa yana aiki, nufi Hollycombe, wurin adana injunan tururi da ke kusa da garin Liphook a kudancin Ingila.