Amsa ga ƙanena mai son karatun auna teku

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin safiyo, kana son zuwa Birtaniya ka karanci auna teku, amma mutanen gida na cewa me ya haɗa Bakatsine da teku, kuma ai GPS ɗin waya ya gama komai. Wallahi bai gama ba.

Wayarka takan kauce da 'yan mitoci. Ga mai neman gidan biki wannan ba komai ba ne. Amma jirgin da ke shimfiɗa bututu a ƙarƙashin ruwa, ko wanda ke tsaye dab da rijiyar mai babu anga, injinansa na bin abin da kwamfuta ta faɗa, kuskuren mita ɗaya ma ɓarna ce. Kuskuren kan fito ne daga agogon tauraron ɗan Adam, da hanyar da yake bi, da wani sashen sama mai cike da lantarki da ke jinkirta sigina. Tashoshin ƙasa da aka san matsayinsu daidai su ke auna kuskuren, a tura gyaran zuwa tauraro, shi kuma ya watso wa jirage. Irin wannan tsarin gyara, Amurka na da WAAS, Turai na da EGNOS, Indiya GAGAN. Tun Janairun 2023 Galileo, wato tsarin Turai mai aiki irin na GPS, ke ba da gyara kyauta, daidaito har kusan santimita 20. Nan Birtaniya ma an rufe tsofaffin tashoshin rediyon gyara na gaɓar teku a Maris 2022.

Abin da ya fi damuna shi ne yankinmu. Kusa da ikwaita, bayan magariba wancan sashen sama kan rikice, sai ka ga ɗigon jirgi na rawa a kan allo, siginar taurarin ɗan Adam na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Masu aiki a mashigin tekun Gini sun san wannan sarai. A 2020 ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta wasu ƙasashen Afirka, ta fara gwajin watsa gyara ta tauraron Najeriya NigComSat-1R, kuma aikin na buƙatar 'yan ƙasa masu ilimin abin.

Don haka ka zo, amma ka zaɓi kwas ɗin da IHO, hukumar auna teku ta duniya, ta amince da shi a rukunin A, wato babban mataki. Duba na Jami'ar Plymouth. Ka nemi tallafin karatu na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na Najeriya, kafin a yi maganar sayar da gonar Baba. Ka tabbata ilimin lissafinka ya zauna daram. Sannan kafin a bar ka ka hau jirgin aikin mai, za a ɗaure ka a kujerar samfurin helikwafta, a kifa shi cikin ruwa, ka ɓalle taga ka fito. Ka fara koyon iyo tun yanzu.