Gida a gefen Finiks ko a cikin gari?

Kana tambaya ko ka sayi gida a sababbin unguwannin gefen Finiks, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, tunda sun fi araha da faɗi, ko ka nemi tsohuwar unguwa a cikin gari. Ni dai tsohuwar zan ce maka, in aljihu zai ɗauka. Makaranta, asibiti da layin bas sun riga sun kafu, bishiyoyi kuma sun girma. Inuwa a garin nan babban abu ce, don a 2023 an jera kwana 31 zafi na kaiwa digiri 43 ko fiye. Na zauna a sabuwar unguwa, ƙarfen lilon yara ko taɓuwa ba ya yi da azahar.

In kuwa sabuwar ce ta kwanta maka a rai, kafin ka sa hannu ka tambayi daga ina ruwan famfo yake zuwa. Dokar Arizona ta 1980 ta tilasta wa masu yanka manyan filaye su nuna tabbacin ruwan shekara 100, amma masu raba fili zuwa fuloti ƙasa da shida suna zille wa dokar. Haka mutanen Rio Verde Foothills, wata unguwa a gefen Finiks da aka yanka filayenta ta wannan hanya, suka wayi gari a Janairun 2023, birnin Scottsdale da ke maƙwabtaka da su ya daina sayar da ruwa ga motocin tanki da ke kai musu.