Bidiyon da ya sa na riƙe numfashi

Ɗan'uwa, ka tambaya wane bidiyo ne ya fi kwanta mana a rai cikin waƙoƙin nan na gita da Turawa ke kira alternative, da kuma dalili. Amsata ta mai tace hoto ce, don da wannan sana'ar nake cin abinci sama da shekara goma, yawanci bidiyon biki da na suna. Idan na zauna kallon bidiyon waƙa, abin da idona ke bi shi ne hannun mai yanka hoton: sau nawa ya yanke daga wannan ɗauka zuwa wata, kuma me ya tilasta masa.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne "No Surprises" na Radiohead, 'yan Ingila, wanda ya fito a 1998, Grant Gee ne ya ba da umarni. Ba rawa, ba motoci, ba canjin kaya. Fuskar mawaƙin ce kawai, Thom Yorke, cikin wata hular gilashi irin ta 'yan sama jannati, yana rera waƙarsa a hankali. Can sai ruwa ya fara taruwa a cikin hular. Ya kai haɓa, ya rufe baki, ya shanye hanci, ya haura idanu. Kusan minti ɗaya mutumin yana nitse, kyamara ko motsi ba ta yi ba. Wani abokin aiki ne ya zo da shi shago a faifai bayan la'asar, kuma wallahi ban san lokacin da na daina numfashi ba. Da ruwan ya tsiyaye ya shaƙi iska, ni ma sai da na yi ajiyar zuciya. A lokacin ban fahimci rabin baitocin ba, amma na gane ana maganar mutumin da rayuwa ta shaƙe.

Daga baya na san akwai dabara a ciki. An ƙara wa waƙar da kyamarar sauri a wurin nitsewar, sannan aka rage saurin hoton wajen tacewa, don kada ya daɗe sosai a cikin ruwa. Sanin haka bai rage mini komai ba. Ruwan na gaske ne, tsoron da ke idonsa ma na gaske ne, kuma sai da aka yi ta maimaita ɗaukar kafin a samu wadda ta yi.

Na biyu shi ma nasu ne, "Just" na 1995. Wani mutum sanye da kwat ya kwanta a gefen titi a Landan. Jama'a suka taru suna tambayarsa lafiya, ana rubuta maganarsu a ƙasan hoto. Ya ƙi faɗi, suka matsa, har ya yarda. Daidai lokacin da ya buɗe baki sai rubutun ya ɗauke. Abu na gaba da za ka gani, kowa ya kwanta a ƙasa kamar shi. Mun sha musu a shago kan abin da ya faɗa, kowa da tasa fassarar, kuma har yau ina jin daɗi da mai ba da umarnin, Jamie Thraves, bai bayyana ba.

"Everybody Hurts" na R.E.M., 1993, cunkoson motoci ne a wata babbar hanya a San Antonio ta jihar Texas, ana rubuta abin da kowane matafiyi ke saƙawa a zuci. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a hanya ya kalli fuskar na motar gefensa zai gane shi.

Na san wasu za su kawo na OK Go na 2006, wanda suka yi rawa a kan injinan gudu na motsa jiki guda takwas ba tare da yanka ba, har ya ci kyautar Grammy. Gwaninta ce, ban musa ba. Sai dai na kalle shi na yaba, ban ƙara nemansa ba. Wancan na ruwan kuwa ina komawa gare shi duk shekara.

Ya ma shiga aikina. Da, kamar kowa, ina cika bidiyon biki da walƙiya da furanni masu juyawa, yanka duk bayan daƙiƙa biyu. A wani biki, lokacin da za a fita da amarya, mai ɗauka ya kama fuskar mahaifiyarta tana tsaye a bakin zaure, ba ta kuka, tana dai danne shi. Na bar wurin yadda yake, kusan daƙiƙa arba'in, ban sa waƙa ba, sai guɗa da ake jiyowa daga nesa. Ango ya ce wurin ya yi tsawo, in rage. Na roƙe shi ya fara nuna wa amarya tukuna. Bayan kwana biyu ya kira ni ya ce in bar shi haka, ta ce kada a taɓa ko daƙiƙa ɗaya.